Motocin Dakon Dutse A Ƙasar Da Sanyi Ke Karya Ƙarfe

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yo lodin kaya daga Kwatano ko Lome ya san yadda gaba ke faɗuwa idan direba ya bugo waya ya ce mota ta yi pan a daji. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba. Kwanakin da motar za ta yi a tsaye, da ranar kasuwar da za ta wuce, da mai bashin da ke jiran a sayar a biya shi, duk suna cikin lissafi. To yau mun leƙo muku wata ƙasa mai nisa inda wannan lissafin ya fi namu tsanani, domin a can motar da ta mutu a waje cikin dare tana iya wayewar gari man cikinta ya sandare, tayoyinta sun zama kamar itace.

Sunan wurin Yakutiya, a yankin Sibiriya na ƙasar Rasha. Faɗinta ya wuce murabba'in kilomita miliyan 3, wato ya ninka na Nijar sau biyu har da ɗori, amma mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba. Daga nan ne mafi yawan dutsen lu'ulu'un Rasha, wanda ake kira diyaman, yake fitowa, a hannun kamfanin Alrosa. Akwai kuma zinariya da gawayin ƙasa.

Domin mai karatu ya gane irin sanyin da ake magana: ruwa yana daskarewa ne a digiri sifili. Firijin da mata masu sayar da ƙanƙara ke amfani da shi yakan tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili. A garuruwan haƙar lu'ulu'u na Mirni da Udacni kuwa, sanyin hunturu yakan kai 50 ƙasa da sifili, kuma hunturun wata bakwai ne. A ƙauyen Oymyakon an auna 67.7 ƙasa da sifili a shekarar 1933. Mu nan in dare ya sauko digiri 12 a watan Janairu sai ka ga kowa ya duƙunƙune a bakin wuta, ana cewa bana sanyi ya yi yawa.

Ƙasar da ba ta narkewa

Abin da ya bambanta wannan yanki shi ne ƙasar kanta a daskare take, rani da damina, tun dubban shekaru. In ka yi gina, bayan mita ɗaya ko biyu za ka ci karo da yashi da laka da tsakuwa da ƙanƙara ta haɗe su sun zama tamkar siminti. A wasu wurare na Yakutiya kaurin wannan daskararriyar ƙasa ya kusa mita 1,500, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Rasha a kan irinta yake zaune. Saman ne kaɗai ke narkewa a ɗan gajeren lokacin zafinsu, ya zama taɓo, sa'an nan ya sake daskarewa. Shi ya sa a birnin Yakutsk ake ɗora benaye a kan dirkokin siminti, a bar iska tana wucewa ta ƙarƙashi, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasar gidan ya nutse.

A cikin irin wannan ƙasa aka gano ramin Mir a shekarar 1955. Da aka daina haƙarsa ta sama a 2001, zurfinsa ya kai mita 525, faɗin bakinsa kuwa kusan mita 1,200. Na Udacni ya ma fi shi zurfi, ya haura mita 600. Babu abin da ke fito da dutse daga gindin irin wannan rami sai mota, a kan hanyar da ke zagaye bangon ramin kamar naɗin gammo. Ta ramin Mir ta kusa kilomita 8 daga ƙasa zuwa sama.

Motocin ba irin tirelolin da muka saba gani a hanyar Kwanni ba ne. Wadda ake ce wa matsakaiciya a cikinsu tana ɗaukar tan 136, wato nauyin buhu 2,720 na shinkafa mai kilo 50. Direba da tsani yake hawa. Da yawa daga cikinsu ƙirar kamfanin BelAZ ne na garin Jodino a ƙasar Belarus, wasu kuma na Caterpillar ɗin Amurka ko Komatsu na Japan. BelAZ ɗin ne ya fitar da wadda ta fi kowace girma a 2013, mai ɗaukar tan 450, buhu dubu 9 kenan, da inji biyu da taya takwas. Tayar irin waɗannan ƙattin tsayinta ya kai mita 4, nauyinta ya haura tan 5, kuɗin guda ɗaya kuma yakan kai miliyan 20 na sefa ko fiye.

Ga wani lissafi da zai ba ƴan kasuwa mamaki. Ana auna lu'ulu'u da karat, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Idan a kowane tan na dutse akwai karat ɗaya, to motar tan 136 ta hau tudun nan ne da abin da bai kai giram 30 ba, wanda zai shige cikin ashana. Ban da wannan kuma sai an kwashe tulin dutsen banza da ke rufe da mai amfanin. Saboda haka ribar wannan sana'a ba a lodi ɗaya take ba, tana cikin yawan zuwa da dawowa ne, dare da rana. Abin da shugabannin ma'adinin ke dubawa kullum shi ne: a cikin awa ɗari, awa nawa motar ta kasance a shirye don aiki? In mota ɗaya ta tsaya a tsakiyar siririyar hanyar rami, na bayanta sun tsaya, injin lodi ya tsaya, injin niƙa dutse ma ya zauna jira.

Man da ke kwana kamar man ja

Masu sayar da mai a kasuwa sun fi kowa sanin matsala ta farko. Da hunturu man ja yakan kwana ya yi tauri a cikin jarka sai an shanya shi a rana, man gyaɗa kuma ya yi gajimare. Haka gazuwal yake. Akwai wani kitse mai kama da kakin zuma a cikinsa wanda ke fara fitowa da zarar sanyi ya ɗan wuce sifili, ya toshe matatar mai, inji ya shaƙe ya mutu. Irin gazuwal ɗin da ake sayarwa a tashoshinmu ba zai yi awa ɗaya yana gudana a Mirni ba. Akwai na musamman da ake tacewa don arewa, wanda aka rage masa wannan kitsen, yana jure wa har wajen 45 ko 50 ƙasa da sifili. Ya fi tsada, kuma da yake ya fi tsinkewa bai cika shafe famfon mai da kyau ba, sai an ƙara masa magani.

Man inji da na na'urar ɗaga bodi su ma haka. In suka yi kauri kamar zuma, a mintocin farko bayan an tada inji ƙarfe ne ke cin ƙarfe kafin mai ya iso. Batir kuma a sanyin firijin ƙanƙara kaɗai yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, daidai lokacin da injin ke bukatar ƙarfi fiye da kullum kafin ya juya.

Maganin da ma'aikatan suka dogara da shi tun da daɗewa mai sauƙi ne, amma da tsada: ba a kashe inji. Direba ya sauka, wani ya hau, injin na ci. Ko lokacin cin abinci ko jiran lodi, yana ci. Motar kan yi makonni a haka sai ranar da za ta shiga garaji mai ɗumi. Ana ƙona gazuwal a banza, injin na tara baƙin hayaƙi a ciki saboda bai yi zafi sosai ba, amma duk da haka sun ga gara wannan da tada injin da ya kwana a sanyi. Yanzu ana sa wa sababbin motoci ƙananan murahu masu ɗumama ruwan inji da tankin mai, abin da ya rage ɓarnar.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Dutsen da aka fasa yana da danshi, in aka zuba shi a bodi mai sanyi sai ya manne, a je juyewa a tarar tan da yawa sun ƙi sauka, motar ta yi ta yawo da su a banza. Sai maƙeran motar suka bi da hayaƙin inji ta cikin haƙarƙarin bodin kafin ya fita. Bodin na da ɗumi, kaya na zamewa, ba a kashe ko dala ba wajen ɗumamawa.

Ƙarfe mai fashewa kamar tulu

Matsalar da ta fi tsoratar da injiniyoyi ita ce ta ƙarfe. Mun saba ganin ƙarfe in ya sha nauyi ya lanƙwashe, maƙeri ya miƙe shi. Wannan lanƙwashewar gargaɗi ce, tana ba mutum damar ganin ɓarna kafin ta yi nisa. To ƙarfen gama-gari yana da wani mizanin sanyi wanda in an wuce shi sai halinsa ya sake: ba ya lanƙwashewa, sai dai ya tsage farat ɗaya kamar tulun da ya faɗo daga kai. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wasu jiragen ruwan dakon kaya na Amurka suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi na arewacin Atlantika, wasu ma suka rabe biyu.

A jikin motar ma'adini tsagar ba ta farawa ko'ina sai inda ke da rauni: bakin walda, kusurwa mai kaifi, ramin kusa, ko wani ɗan tabon da dutse ya yi. Tana iya yin watanni tana tafiya a ɓoye kamar gara, tsawon ɗan yatsa. Ranar da sanyi ya kai 45, injin lodi ya sako dutsen tan goma daga sama, ko tayar ta faɗa rami da cikakken kaya, sai ƙashin bayan motar ya buɗe. Masana a cibiyar binciken matsalolin fasaha na arewa da ke Yakutsk, wadda ke ɗauke da sunan Vladimir Larionov, gwani a fannin walda cikin sanyi, sun daɗe suna bin diddigin wannan, kuma abin da aikinsu ya nuna shi ne lalacewar injuna da hunturu tana ninka ta lokacin zafi.

Tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka ware wani aji na injuna da ake yi wa alamar haruffa biyu, HL, ma'ana an ƙera su don su jure har 60 ƙasa da sifili, da ƙarfen da aka gauraya da wasu ma'adinai masu hana shi tsagewa. Amma ko da mota mai wannan alama, akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. In sanyi ya tsananta a rage lodi, a rage gudu, mai lodi ya fara zuba ƙananan duwatsu kafin manya. In ya wuce iyaka a tsayar da aiki gaba ɗaya. Walda kuma ba a yin ta a waje yadda muke gani a bakin tasha. Sai an shigar da motar garaji ta yi awoyi tana narkewa, a gasa wurin da wuta kafin a ɗora walda, a rufe shi ya huce a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya dasa sabuwar tsaga ne da hannunsa.

Shiga garajin ma da nasa sharri. Ƙarfe mai sanyi in ya shiga ɗumi sai ya yi gumi, kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firiji. Wannan ruwan yana shiga tanki da bututun iska da wayoyin lantarki, in an fita waje ya koma ƙanƙara ya toshe su.

Roba ita ce ta uku. Robobin da ke hana mai yoyo sukan yi tauri su daina kama wuri, tiyo ya fashe a inda yake lanƙwasa. Tayar da ta kwana a tsaye tana tashi da gefe ɗaya a shafe, don haka direba ke fara tafiya a hankali har ta yi ɗumi ta koma daidai.

Sai kuma abin da ya shafi ran ɗan Adam kai tsaye. Iska mai sanyi tana da nauyi, takan kwanta a gindin rami ba ta motsi. Hayaƙin motoci sai ya taru a ciki, ya haɗu da hazon ƙanƙara, har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa, numfashi kuma ya zama haɗari. A irin waɗannan ranaku akan fitar da kowa a jira iska ta taso, wani lokaci kwana da kwanaki.

Inda sanyi ya zama aboki

Kada mai karatu ya ɗauka sanyin duk sharri ne. A ma'adinan ƙasashen zafi, irin na uraniyom a Arlit da aka fara haƙa a 1971, abokan gaban mota su ne ƙura mai cinye inji da zafin da ke dafa taya daga ciki. A Yakutiya da hunturu taya ba ta zafi, hanya kuma ta daskare ta yi ƙarfi, ana watsa mata tsakuwa don hana santsi. Bangon ramin kansa ƙanƙara ce ke taimakawa wajen riƙe shi.

Lokacin da makanikai suka fi ƙi shi ne na narkewa. Saman hanya ya zama caɓi, ramuka su buɗe, duwatsu su riƙa gangarowa daga bango, motar tan ɗari biyu da kayanta ta riƙa karkacewa tana murɗa ƙashin bayanta. Tsagar da za ta fashe da hunturu mai zuwa, sau da yawa a nan ake shuka ta. Don haka ake shimfiɗa hanyoyin da tulin dutse mai kauri, ya zama bargon da ke hana zafi isa ga daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi.

To ga shi yanzu yankin na ɗumama fiye da sauran duniya. A watan Yunin 2020 an auna zafin digiri 38 a garin Verkoyansk, garin da ya yi suna da sanyi. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar, a Norilsk, wani garin ma'adinai da ke yamma da Yakutiya, ƙaton tankin gazuwal ya zauna ya fashe, kusan tan dubu 20 suka malala cikin koguna. Kamfanin ya ɗora laifin a kan narkewar ƙasa, masu binciken gwamnati kuwa suka nuna aibin gini da sakacin kulawa. A 2021 kotu ta ci shi tarar rubul miliyar 146, abin da ya haura miliyar dubu na sefa.

Kayan gyara sai an yi tanadin shekara

A ganina wannan ɓangaren ne ɗan kasuwar Nijar zai fi ganewa, mu da ba mu da teku, da muka ga yadda rufe iyaka a 2023 ya tsayar da kaya a hanya. Mirni ba ta da jirgin ƙasa. Kaya masu nauyi suna biyo kogin Lena ne a ƴan watannin da ruwan ke gudana, a sauke su a tashar Lensk, sa'an nan mota ta yi sama da kilomita 200 da su. Da hunturu kuma akan bi hanyar da aka daddale a kan daskararren daji. Mai kula da sito dole ya ƙiyasta tayoyi nawa, injuna nawa, mai nawa za a ci a shekara. In ya yi ƙasa, mota ta zauna jiran jirgin sama. In ya yi sama, ya binne jari a sito.

A arewacin Kanada abin ya fi haka ban mamaki. Ma'adinan lu'ulu'u na Ekati, da aka buɗe a 1998, da Diavik, a 2003, an gina su ne a inda babu hanya sam. Kowace shekara sai a shata hanyar kusan kilomita 400 daga kusa da garin Yellowknife, mafi yawanta a kan tabkunan da suka daskare. Ba ta wuce kamar wata biyu, Fabrairu da Maris. Sai kaurin ƙanƙara ya kai mita ɗaya da ɗan ɗori kafin a bar tirela mai cikakken kaya ta hau, kuma gudunta ba ya wuce kilomita 25 a awa, domin nauyin motar na tura igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar, in ta yi sauri igiyar ta fasa ta a bakin gaɓa. Ta nan gazuwal na shekara guda ke shiga, da tayoyi, da sababbin motoci a warwatse a haɗa su a can.

A 2006 hunturu bai yi ƙarfi ba, aka rufe hanyar da wuri, dubban lodi suka rage a baya. Kamfanoni suka koma ɗaukar kaya har da mai ta jirgin sama da kuɗi mai yawa. Wani ƙaramin ma'adini mai suna Jericho, da ya fara aiki a wannan shekarar, bai farfaɗo ba, ya tsaya a 2008, kuma wannan gajeren hunturu na cikin abubuwan da suka karya shi. A 2024 ma an yi jinkirin kusan mako biyu kafin a iya buɗe hanyar.

Su kuwa na Rasha, siyasa ce ta ƙara musu wani nauyin. A 2021 Tarayyar Turai ta sa wa BelAZ takunkumi, abin da ya yanke masa injunan Yammacin duniya da yake ɗorawa a motocinsa da yawa. A 2022, bayan Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren, Caterpillar da Komatsu suka dakatar da aika kaya can, Amurka ta sa wa Alrosa takunkumi, daga farkon 2024 kuma ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki suka hana shigar da lu'ulu'un Rasha kasuwanninsu. Motocin da aka riga aka saya suna nan a cikin ramuka, suna bukatar matatar mai da famfo da robobi kamar kullum. A shekarar ta 2022 gwamnatin Rasha ta halatta shigo da irin waɗannan kaya ba da izinin mai su ba, sai dillalai suka riƙa zagayo da su ta Turkiyya da Dubai da Kazakistan, farashi ya hau, jira ya ƙaru, sanin na gaske da jabu kuma ya koma wuyan mai saye. Motoci da injunan Sin sun shigo sun cike wani gurbin, kuma yawancinsu ba su yi hunturu da yawa a can ba tukuna.